Muryar Malam a Wayar Kowa

Sallama gare ku masu bibiyata. Yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, domin idan na tsaya zaɓen kalmomi zan fasa rubutun gaba ɗaya. Masu turo min saƙo kuna tambayar yaushe za a sha biki, ku gyara zama.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Khairat, a gida Auta ake ce min. Shekarata ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a nan Kiru. Mahaifina Malam Sha'aibu ya rasu kusan wata biyar ke nan. Mudassir kuma shi ne wanda na ce ina so da bakina. Babu wanda ya yi min dole. Ni na zaɓo shi, ni kuma na ɗauki amanar mahaifina na kai masa har shago, kuma wannan ne yake ci na fiye da komai.

Malam ya fi shekara talatin yana karantarwa a zauren gidanmu, tafsiri da safe, fiƙihu bayan la'asar. Shekara uku kafin rasuwarsa wasu samari suka zo daga Kano da wata manhaja ta adana karatun malamai. Suka ba shi tsohuwar kwamfuta ta tafi-da-gidanka da ɗan makirfo, suka koya masa inda zai danna. Duk abin da aka ɗauka da manhajar a kulle yake zama. Za ka iya sauraronsa a kan wannan kwamfutar kaɗai. Ko ka kwafe shi ka sa a waya ba zai buɗe ba, sai idan malamin da kansa ya danna cewa ya amince a sake shi.

Wannan kullen ne ma ya sa Malam ya yarda da su. Ya taɓa ce min, "Auta, ina yin kuskure a karatu kamar kowa. Ba na so a yi ta yawo da kuskurena a lokacin da ba ni da bakin gyarawa." Sai ya zauna ya saurari darasi tun daga farko, ya tabbatar babu gyara, sannan ya sake shi. Ya saki kusan arba'in. Saba'in da uku suna nan a kulle bai duba ba ciwo ya kwantar da shi.

Umma tana cikin wata na uku na takaba saƙo ya fito a fuskar kwamfutar. Wai za a rufe manhajar a ƙarshen wata, kuma duk abin da yake kulle ba zai sake buɗewa ba. Na kira lambar da samarin suka bari ya fi sau ashirin, kullum a kashe. Da na yi wa Umma bayani tana zaune a rumfa cikin farin hijabinta, tana tsintar shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba ta ce, "Da za a sa min karatun nasa a 'yar wayata, in riƙa ji ina aiki, da na so."

Iyakar abin da ta roƙa ke nan tun ranar da aka fita da gawarsa.

Mudassir yana da shago a Tudun Wada kusa da tasha. Yana gyaran waya, yana tura wa mutane waƙoƙi da karatu a memori. Ni Injiniya nake ce masa, shi kuma Malama. Ranar Asabar na naɗe kwamfutar a tsohon rawanin Malam, na sa a jaka, na hau mota zuwa Kwanar Ɗangora, daga nan na sake wata. Na same shi cikin shadda ruwan toka da hula baƙa, ƙamshin turarensa ya danne warin dalmar da yake gyara da ita. Ya kori masu zaman banza daga benci, ya goge min kujera da hannun rigarsa.

Ya kwafi fayil ɗaya ya jefa cikin manhajar da yake tara waƙoƙinsa, wadda ta jera dubbai kowanne da suna da hoto. Ya danna inda ake juya sauti zuwa MP3. Wani ɗan akwati ya fito da rubutun Turanci, cewa wannan fayil an kare shi, ba za a iya juya shi ba. Ya canja ƙarshen sunan fayil ɗin ya sake gwadawa, sifika ta yi ta shuuu kamar rediyon da ta rasa tasha. Ya sauko da wata manhajar daban, ita ma ta ƙi.

"Injiniya, ka ce min akwai dabara."

Ya sosa gemu. "Akwai guda ɗaya, Malama, amma ta masu haƙuri ce. Zan jona kebul daga inda ake sa abin kunne a kwamfutar Malam zuwa tawa. Tasa tana karantawa, tawa tana ɗauka. Kullen yana hana kwafa, amma ba ya hana sauti fita."

"To ai da sauƙi."

"Babu sauƙi. Darasin awa ɗaya sai ya ci awa ɗaya cur. Kuma sai na zauna da abin kunne ina bi, don kada wuta ta ɗauke ko sauti ya tsinke ban sani ba. Saba'in da uku kika ce? Ki ba ni sati biyu."

Na ce masa, "Da sharaɗi. Waɗannan Malam bai duba su ba. Na Umma ne ita kaɗai."

Ya ɗora hannu a ƙirji. "Daga kwamfutata sai hannunki. Ko ƙanina ba zai ji ba."

Zan faɗa muku gaskiya, a waɗannan kwanakin na ƙara sonsa fiye da duk shekara biyun da muka yi tare. Ina cikin aji waya za ta yi motsi a jaka.

"Na gama na 12. Malam yana Suratu Maryam, wallahi na ƙaru."

"An ɗauke wuta a tsakiyar na 30, na tada janareta na sake daga farko. Kin karya kuwa?"

"Saura tara, Malama. Kunnena har ya yi zafi, amma don ke ba komai."

Ni kuma sakarya ina ta tura masa hoton zuciya ja.

Kwana goma sha biyu ya zo gidanmu da memori a cikin ambulan. Ya ce kwamfutar ta ɗan ƙara kwana a wurinsa zai gyara mata wurin caji. Baffa Jibrin, ƙanin Malam, wanda shi ne waliyyinmu yanzu, ya yi ta sa masa albarka a zaure. A ranar ya ce da zarar Umma ta fita takaba za a sa rana. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Fayilolin lamba kawai gare su, ɗaya zuwa saba'in da uku. Umma ta ce ba za ta yi gaggawa ba, ɗaya take ji kullum da hantsi, wayar a kan murfin tukunya, ita tana gyaran kayan miya. Wani lokaci idan Malam ya yi tari a cikin karatun sai ta ce "sannu" ba ta sani ba. Ta kai na talatin da huɗu lokacin da takabarta ta ƙare.

Fitarta ta farko sunan jikar maƙwabciyarmu Tani ce, ranar Asabar ɗin da ta wuce. Ni na sa mata lalle da daren jajibiri, na zaɓo mata atamfa mai ruwan ganye da mayafi ruwan madara, ta sa kwalli karo na farko cikin wata huɗu da kwana goma. Tsakar gidan Tani ya cika, ana ta fito da waina da miyar taushe, an shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya. Aka ba Umma wuri a inuwar mangwaro cikin manyan mata. Can gefe wasu 'yan mata dangin mijin maijego da suka zo daga Bebeji sun kewaye wata ƙaramar sifika suna sa waƙoƙi daga waya.

Ina zuba wa Umma zoɓo na ji ɗaya ta ce, "Ke sa mana na Malamin nan mai soyayya."

Sai muryar mahaifina ta fito. Ba muryar zaure ba, muryarsa ta ƙarshen ciwo, siririya mai haki. An sa mata wani kiɗa mai taushi a ƙasa kamar na fim.

"Bushira ta. Bushira ta, ki yafe mini. Na bar ki a Doguwa da ciki wata shida na tafi gabas neman karatu, shekara uku ko wasiƙa ban aiko ba. Kin haihu ba na nan. An binne shi ba na nan. Na dawo kika ba ni ruwa, ba ki ce komai ba, ni ma ban ce ba, har yau shekara talatin da takwas."

Daga nan sai kukansa. Malam, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da mahaifiyarsa ta rasu.

'Yan matan suka kwashe da dariya. Ɗaya ta dafe ƙirji tana kwaikwayo, "Bushira ta, ki yafe mini." Ba su san wace ce ke zaune taku biyar daga inda suke ba. Amma manyan matan sun sani. Tsakar gidan ya yi tsit ta ɓangarenmu, kowa ta sunkuyar da kai cikin kwanonta.

Umma ta ajiye kofin zoɓon a hankali. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta sa takalmi, ta ce wa Tani, "Allah ya raya." Ta fita.

Ban taɓa jin Malam ya kira sunan Umma ba tunda aka haife ni. Ban taɓa sanin an yi wani ɗa kafin yayyena ba. A gidan suna na ji, daga wayar wata yarinya mai jan baki har haɓa.

Na fizge wayar daga hannunta. "Ina kika samo wannan?"

"Lafiya, baiwar Allah? Ai ya fi sati biyu yana yawo. A Kwanar Ɗangora ma 'yan acaɓa shi suke faɗa wa 'yan mata idan sun wuce."

Tani ta jawo ni gefe tana hawaye. "Auta, mun ji tun tuni. Tsoron faɗa muku muka yi."

Wato duk unguwa an sani. Matan da suke shigowa yi wa Umma sannu da takaba sun ji mijinta yana kuka a wayoyinsu, su zauna su sha kununmu su tafi.

Na kira Mudassir sau tara bai ɗauka ba. Sai saƙo ya shigo.

"Malama ki kwantar da hankalinki, zan miki bayani."

Na rubuta, "Kana da labari ke nan."

Ya karanta, alamar ta yi shuɗi, bai amsa ba.

Washegari da sassafe na zura baƙin hijabi a kan kayan da na kwana da su, ko mai ban shafa ba. A motar Tudun Wada na zauna a takure tsakanin buhun masara da wata tsohuwa, ina addu'ar kada direba ya kunna rediyonsa. Duk wayar da ta yi ƙara sai in kasa kunne.

Na sami Mudassir yana buɗe shago. Da ya gan ni makullin ya faɗi daga hannunsa.

"Malama, shigo ki zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba, Mudassir."

Ya lura da sunan da na kira shi. Ya jawo ƙofa ya rage ta saboda masu shayin da ke gefe.

"Wallahi kuskure ne. Kin san manhajar nan, idan ina tura wa mutum waƙoƙi takan kwashi duk sabon abin da ya shigo. Ina jin haka ya bi memorin wani. Ni ban ma san akwai irin wannan maganar a ciki ba."

Saura kaɗan in yarda. Ina so in yarda, shi ne abin haushin. Sai idona ya sauka kan abin kunnen da ke rataye a jikin kwamfutarsa, wanda soson gefensa ya ɓare.

"Kai ka ce min darasin awa ɗaya sai ya ci awa ɗaya."

"Haka ne."

"Kai ka ce sai ka zauna kana bi da kunnenka daga farko har ƙarshe. Ka ce kunnenka har zafi ya yi. To ta yaya ka ɗauki wannan maganar ba ka ji ta ba?"

Na nuna kan teburinsa da yatsa.

"Kunna kwamfutar."

"Khairat, don Allah."

"Kunna, ko in fita in tara maka mutanen tasha su taya ni tambaya."

Ya kunna. Na ture hannunsa na rubuta sunan Malam a wurin nema. Suka jero, saba'in da biyu da lambobinsu. Na ƙarshen ba lamba gare shi ba. An rubuta masa suna, "Malam Mai Soyayya, Bushira Ta". An manna masa hoton mahaifina, wanda muka buga a takardar sanarwar addu'ar bakwai. A ƙarƙashinsa ga wani guntu na minti ɗaya da aka yanko. Dukkansu kuma suna cikin jakar da ya sa wa suna "Sabbin Shigowa", wadda yake zuba wa duk wanda ya miƙo memori.

"Manhajar ce ta rubuta wannan sunan? Ita ta je ta samo hoton?"

Ya zauna a kan benci ya riƙe kai. "Ranar da na ji shi kuka na yi, Khairat. Ban taɓa jin namiji ya yi magana haka ba. Na yanki kaɗan na tura wa abokaina mu shida a rukuninmu na waya, na ce su ji yadda ake son mace. Kiɗan ba ni na sa ba. Kafin kwana biyu ya fita hannuna."

"Karatun fa? Saba'in da biyun da ka rantse daga kwamfutarka sai hannuna?"

"Wannan ai ilimi ne. Kyauta nake bayarwa. Na ga lada ne gare shi."

"Shi ya ce maka yana neman ladan ta hannunka? Mutumin da yake zama awa guda yana sauraron kansa don kada ya bar wasali ɗaya a karkace, kai ka fi shi sanin abin da ya dace da shi?"

Muryata ta fara tashi, na ji masu shayi sun yi shiru. Ban damu ba. Na sa shi ya goge su ɗaya bayan ɗaya ina tsaye a kansa, ya buɗe kwandon shara na kwamfutar ya zubar, ya buɗe wayarsa ya goge na ciki. Na san aikin banza nake yi. Abin da ya shiga memori ɗari ba ya dawowa don an goge na shago. Amma ina so in ga yatsansa yana yi.

Na ɗauki kwamfutar Malam daga kan kanta. Wurin cajin ma bai gyara ba. Ina naɗe ta ya ce, a hankali, "Ki tuna dai, ba don ni ba da duk sun tafi a kulle. Da Umma ba ta ji ko ɗaya ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta sa na ji kamar in kwaɗa masa kwamfutar a ka.

"Na gode da aikinka. Umma ta ji, a gaban mata hamsin."

Kafin in iso Kiru ya riga ya kira Baffa. Na tarar da shi zaune a zaurenmu kan buzun Malam, yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi.

"Auta, yaron nan ya kira ni yana kuka. Ya yi kuskure, ya amsa, ya ba da haƙuri. Me kuma ake so ɗan Adam ya yi?"

"Baffa, alkawari ya yi min."

"Na ji. Amma ki duba ɗaya gefen. Jiya wani ya kira ni daga Doguwa yana cewa karatun ɗan'uwana ya iso musu. Wannan sadaka ce mai gudana. Ita kuma waccan maganar, mutum ya nemi gafarar iyalinsa, ina abin kunya? Kwana kaɗan za a manta."

"Umma ba za ta manta ba."

Ya tsuke fuska. "Ranar Juma'a iyayensa za su zo sa rana, na riga na amsa musu. Ke kika kawo shi, ba mu muka nemo miki ba. Ba za ki mayar da ni ƙaramin mutum a kan minti ɗaya na magana ba. Ki shiga ki yi tunani."

Na ce, "To, Baffa." Na tashi. A raina ina cewa, wato girmanka ne abin karewa, na wanda yake kabari da na wadda take cikin ɗaki ba komai ba ne.

Umma tana ɗakinta tun jiya. Tuwon da na ajiye mata yana nan a rufe, lallen hannunta ya yi ja sosai a kan carbi. Bayan la'asar ta kira ni.

"Auta, maganar nan, tsawonta nawa?"

Na duba wayarta. "Minti goma sha tara, Umma."

"Su minti ɗaya suka ji. Kunna min."

Na kunna na miƙe zan fita. Ta kama bakin zanena. "Zauna. Tunda 'yan tasha sun ji, ke ma ki ji."

Babu kiɗa a wannan. Sai muryarsa, da kukan kajinmu a bayansa, da ƙarar turmin maƙwabta. Daga maganarsa na gane ranar da ya ɗauka, kwana biyu kafin a tafi da shi asibiti a Kano, lokacin ina makaranta Umma kuma ta shiga wanka. Bayan wurin da duniya ta sani, ya ambaci sunan yaron, Khalil, ya ce kwana goma sha ɗaya ya yi. Ya ce sau uku yana zuwa Doguwa da niyyar a nuna masa kabarin, kunya tana hana shi tambaya. Ya tuna ranar da ya fara ganinta tana shanya barkono a kan dutse a bayan gidansu. Ya ce shekara da shekaru yana cin miyar kukarta da gishiri ya yi yawa bai taɓa faɗa ba, saboda yana ganin ba shi da bakin ƙorafi a gabanta. A nan Umma ta yi 'yar dariya, hawaye na bin kuncinta. Ya ce ta riƙa shan maganin hawan jininta. Ya ce kada ta bari a sayar da littattafansa.

Sannan ya yi shiru har na ɗauka ya ƙare. Sai ya ce, "Wannan ban sake shi ba, ba kuma zan saka ba. Naki ne ke kaɗai. Idan Allah ya sa kin ji, ki sa Auta ta goge."

A nan na tuna abu ɗaya. Mudassir ya ji wannan. Yana zaune da abin kunne, ya ji mamaci ya ce naki ne ke kaɗai, ya gama ji, sannan ya ɗauki almakashin manhajarsa ya yanka, ya nemo hoto, ya zauna ya ƙirƙiro suna.

Umma ta share fuska da gefen mayafi. "Na yafe maka, Malam. Tun kafin ka dawo na yafe." Ta miƙo min wayar. "Goge."

"Umma, ko in bar miki ke kaɗai?"

"Ya ce a goge."

Na goge. Ta daɗe tana kallon wayar a tafin hannunta.

Na ce, "Baffa ya ce Juma'a iyayen Mudassir za su zo."

"Na ji shi, zauren ba nisa. Ni tsakanina da Malam ne, kuma mun gama. Shi wancan ke za ki zauna da shi, ba ni ba, ba Baffanki ba."

Na shiga ɗakina na jawo akwati, na ciro kayan da Mudassir ya ba ni. Zoben azurfa, mayafai biyu da ko sawa ban yi ba, kwalbar turare da ta rage rabi, da wani agogo mai jan madauri. Na zuba su a leda baƙa. Na yi kuka ina ɗaurewa, ba zan yi muku ƙarya ba. Shekara biyu ba wasa ba ce, kuma har a lokacin wani ɓangare na zuciyata yana kawo min uzurinsa.

Gidan Baffa yana bayan namu. Na same shi a ƙofar gida kan tabarma shi kaɗai, yana jiran magariba. Na durƙusa na ajiye ledar a gabansa.

"Mene ne wannan?"

"Baffa, idan sun zo ranar Juma'a a ba su. A ba su haƙuri kuma."

"Kin san abin da kike yi kuwa? Wa ya ba ki wannan shawarar?"

"Ita ta yanke, ni kuma ina bayanta, Malam Jibrin."

Ban san Umma ta biyo ni ba. Tana tsaye a bayana cikin hijabinta, ba ta ko sa takalmi iri ɗaya ba. Baffa ya gyara zama, ya fara cewa, "Haba Yaya, ai da an bari," ta katse shi ba tare da ta ɗaga murya ba.

"Sannan ka miƙo wayarka Auta ta goge abin da ba naka ba. Na san yana ciki."

Baffa ya kalle ta, ya kalle ni. Sannan ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya ciro wayar ya miƙo min, idonsa a ƙasa. Sau biyu na same shi a ciki, mai kiɗan da marar kiɗan.

Yanzu da nake rubuta muku, saƙonnin Mudassir goma sha huɗu ne a wayata ban buɗe ba. Na ga farkon na ƙarshen kawai, ya ce mahaifiyarsa da kanta za ta zo wurin Umma, ba sai Juma'a ba. Idan ta zo, za mu shimfiɗa mata tabarma mu ba ta ruwa.

Ku kuma, na san a cikinku akwai waɗanda suka ji muryar nan, akwai waɗanda suka ɗora ta a sitatus da hoton fure, akwai wanda ya yi dariya. Yanzu kun san ta wace ce, kun kuma san abin da mai ita ya ce a yi da ita. Wayar tana hannunku.